Yadda ake gano matsalar wuta a fankar lagireton mota

Motar da ke tafiya lafiya lau a kan babban titi, amma da ta shiga cunkoso sai allurar zafi ta fara hawa, mafi yawanci zancen fanka ne. In kana gudu, iskar da ke bugo gaban mota ce ke sanyaya ruwan lagireto, ko fankar ta mutu ba za ka sani ba. Sai ranar da ka maƙale a gosulon bakin Kantin Kwari da azahar a watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, babu iskar da ke shigowa sai wadda fanka ta jawo, ranar ce asirinta ke tonuwa.

A irin wannan hali abu biyu mutane suka saba yi. Ko dai a ruga a sayo wata fankar, ko a ce wa mai rewaya ya haɗa ta dairek, wato ta riƙa juyi muddin mota na kunne, kowa ya huta. Duka biyun gaggawa ce. Sau da yawa fankar lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isa gare ta, kuma wurin da wutar ta tsaya ba ya wuce huɗu ko biyar. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka yi awa guda ba ka kama ɓarawon ba.

Maganar nan ta fankar lantarki ce. Motocin da fambel ke juya fankarsu, irin su tsohuwar Hiace da Hilux, nasu gyaran daban.

Hanyar da wuta ke bi

Wuta na tashi daga ƙafar batir mai alamar +, ta ratsa babban fiyus, ta zo ta tsaya a bakin rile. Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke dannawa domin babbar wuta ta wuce. Wanda ke ba shi umarni a tsofaffin motoci shi ne suwicin zafi da ke ɗaure a jikin lagireto ko kusa da tamostat, wato ƙyauren da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi. A sababbi kuwa sensa ce ke auna zafin ruwa ta kai wa kwamfutar mota labari, wadda makanikai ke kira birenbos, ita kuma ta kunna rile. Daga rile wutar ta shiga moton fanka, wato ɗan injin da ke juya fukafukan, ta fita ta wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota ta koma batir. Wannan waya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita, za mu dawo kanta.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna volt da ohm, testa mai ƙwan fitila, wayoyi biyu masu kauri da ɗan tsawo, ɗaya da fiyus mai amp 30 a tsakiyarta, sai samfefa, filaya da sifana mai lamba 10.

Kafin ka sa hannu, naɗe hannun riga, in babbar riga ce ma ka tuɓe ta, ka cire zobe da agogon ƙarfe. Fankar wasu motoci na iya tashi ko an zare makulli, muddin injin na da zafi. Murfin lagireto kuma kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba, kana kwance murfin zai feso maka a fuska.

Mataki na 1: tabbatar da cewa fankar ce

Da injin a sanyaye, duba ruwa tukuna. Wannan ba batun wuta ba ne, amma yana ruɗa mutane ƙwarai. In ruwa ya ragu, sensa ko suwicin zafi sai ya zama a cikin iska yake ba a cikin ruwa ba, bai san injin ya yi zafi ba, balle ya ce fanka ta tashi. Haka in tamostat ya maƙale a rufe: ruwan zafi ba ya zuwa lagireto, suwicin da ke jikin lagireton yana zaune cikin ruwan sanyi alhali injin na dahuwa. Taɓa manyan robobin ruwa biyun nan bayan injin ya ɗumama sosai. In ɗaya na ƙona hannu ɗayan kuma sanyi ƙalau, ka fara da tamostat, ka bar wayoyi su huta.

In ruwa ya cika, ta da mota ka kunna AC. A yawancin motoci fanka na tashi cikin 'yan daƙiƙu da shigar kwamfireso. Wannan gwajin na minti ɗaya ya raba maka aikin gida biyu. In ta tashi da AC amma ba ta tashi da zafin inji, to moto da babbar wayarsa suna aiki, zarginka ya koma kan sensa, suwicin zafi ko rilensu. In ko da AC ɗin ba ta motsa ba, ci gaba zuwa mataki na gaba. Amma ka sani, in gas ɗin AC ya ƙare kwamfireso ba zai shiga ba, gwajin bai gaya maka komai ba ke nan.

Mataki na 2: juya ta da hannu

Kashe mota, zare soket ɗin fanka, ka juya fukafukan da yatsa. Ya kamata su juya ba gardama. Na sha ciro ledar fiya wata da ta naɗe a bayan fukafukai, da tsumman da wani ya manta a cikin bonet. In tana da tauri, ko tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ko tana rawa gaba da baya, boris ko bush ɗin moton ya ci. Irin wannan moton yana jan wuta fiye da ƙima, shi ne ke ƙona fiyus a kai a kai.

Mataki na 3: fiyus

Buɗe akwatin fiyus da ke cikin bonet, ka karanta zanen da ke bayan murfinsa. A motocin Toyota za ka ga an rubuta RDI FAN ga ta lagireto da CDS FAN ga ta kwandensar AC. Yawanci amp 30 ne ko 40, wasu 50. A motocin Japan irin fiyus ɗin nan ne mai kama da ɗan akwati da gilashi a sama: ruwan hoda amp 30, kore 40, ja 50.

Kada ka yarda da ido kaɗai. Fiyus kan tsage tsagewar da ba a gani. Zare shi ka auna ƙafafunsa biyu da mita a ma'aunin ohm. Mai kyau zai nuna sifili ko kusa da shi. Ka kuma sa testa a ramin da ka zare shi, ka tabbatar ɗaya daga cikin ramukan biyu na da wuta. Akwai kuma ƙaramin fiyus, amp 10 ko 15, da ke ba kwayil ɗin rile, wato ɓangarensa da ƙaramar wuta ke shiga, wuta idan an murɗa makulli. Shi ma in ya ƙone fanka ba za ta tashi ba, ko da babban yana nan garau.

In ka tarar ya ƙone, mayar da irinsa daidai lambarsa. Masu naɗa zaren waya a madadin fiyus, ko su sa mai 60 a gurbin mai 30, ba gyara suka yi ba. Fiyus an yi shi ne ya ƙone domin waya ta tsira. Ka hana shi ƙonewa, wayar ce za ta ƙone, a cikin bonet kuma, kusa da fetur. In sabon ya ƙone nan take da fanka a zare, waya ta ɓare tana taɓa ƙarfe a wani wuri. In kuwa sai fanka ta tashi yake ƙonewa, moton ne.

Mataki na 4: ba moton wuta kai tsaye

Wannan gwajin ne ke hana asarar kuɗi, don haka kada ka tsallake shi. Dubi soket ɗin fanka. In wayoyi biyu ne masu kauri, zare shi, a ɓangaren moton ka haɗa ɗaya da ƙafar batir mai alamar − sannan ka taɓa ɗayar da mai alamar +, ta wayar nan mai fiyus. Ka nisanta yatsunka daga fukafukai. Moto mai lafiya zai tashi da ƙarfi nan take, har ka ji iska.

In ya yi shiru, ɗan ƙwanƙwasa bayansa da ƙotar sukundireba wutar na haɗe. In ya zabura ya tashi, kabon ɗin da ke ciki, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, ya cinye. Zai iya kai ka gida yau, gobe ya ƙi. Mai rewaya da ya san aikinsa na iya buɗe wasu ya sauya kabon, wasu kuma a like suke sai dai sauyi. In ya tashi amma a sanyaye kamar mai jin barci, ko wayar gwajin ta ɗau zafi cikin ɗan lokaci, shi ma ya kusa.

Amma in ka ga soket mai manyan wayoyi biyu da siririya ɗaya ko biyu, ko ka ga ɗan akwatin alminiyam a jikin firam ɗin fankar, tsaya. Wannan fanka ce mai na'urar sarrafa gudu, irin ta Mercedes da BMW da sababbin motoci da dama. Manyan wayoyin kullum suna da wuta, siririyar ce ke kawo saƙon kwamfuta. Kada ka ba siririyar nan volt 12. Abin da za ka iya yi shi ne ka tabbatar manyan biyun na kawo wuta yadda ya kamata, sauran aikin na mai na'urar binciken kwamfuta ne.

Mataki na 5: rile

Hanya mafi sauƙi ita ce musanya. A cikin akwatin akwai wani rile iri ɗaya sak, sau da yawa na hon. Tabbatar lambobin jikinsu ɗaya ne, ka musanya su. In fanka ta tashi hon ya mutu, ka gama.

In babu irinsa, juya shi ka duba ƙafafun. Za ka ga 85, 86, 30 da 87. Biyun farko na kwayil ne, 30 da 87 su ne babbar hanyar. A ƙananan rile na motocin Japan, 1 da 2 ne kwayil, 3 da 5 babbar hanyar. Auna kwayil da mita, zai nuna tsakanin ohm 50 zuwa 120. Ba shi wutar batir, za ka ji ƙas. To amma wannan ƙas ɗin ba shaida ba ce. Rile na iya yin ƙara alhali bakin ƙarfen da ke ciki ya ƙone ba ya wuce wuta. Don haka yana riƙe da wutar, auna tsakanin 30 da 87. Sai ka ga kusan sifili za ka wanke shi.

Sai ramin da ya fito. Ramin 30 dole testa ya kama. Ɗauki gajeriyar waya mai kauri ka haɗa ramin 30 da na 87. In fanka ta tashi, daga fiyus har moto har jikin mota duk lafiya, saura ɓangaren umarni. In ba ta tashi ba alhali ta tashi a mataki na 4, matsalar na tsakanin akwatin fiyus da soket, ko a wayar jikin mota. Ka tabbatar da ramukan kafin ka haɗa. Ramukan kwayil suna zuwa kwamfuta, ba wurin lalube ba ne.

Ga wani abu da ke ɗaure wa mutane kai a motoci masu fanka biyu, misali Camry ta 2002 zuwa 2006 da ake ce wa Big Daddy. Rile uku gare su. A ƙaramin gudu suna jera fankokin biyu a kan layi ɗaya, wuta ta ratsa ta farko ta shiga ta biyu, kowace ta samu rabi. In zafi ya ƙaru sai su raba su, kowace ta samu cikakkiyar wuta. Saboda haka moto ɗaya in ya yanke, a ƙaramin gudu dukansu biyu za su yi shiru, sai a ɗauka duka sun mutu. Gwada kowanne shi kaɗai. Wasu motocin kuma, irin su Peugeot 206 da 307, ƙaramin gudunsu ta cikin razisto yake bi, wato abin da ke rage ƙarfin wuta, a jikin firam ɗin fanka. In ya ƙone, fanka ba ta tashi sai allura ta yi sama, sannan ta taso da ƙara kamar jirgi.

Mataki na 6: soket da wayoyi

A nan nake so ka zauna ka natsu, domin a nan aka fi yin kuskure.

Wani maƙwabcina mai Golf 3 ya taɓa zuwa mini da fanka a but, ya sayo ta Beljiyam an ɗaura, matsalar na nan, har yana shirin mayar wa mai kaya. Ya ce, "Malam, yaron ya auna a gabana, wuta na zuwa, sha biyu cif." Na ce, "Alhaji, bari mu gani da ƙwai." Na haɗa ƙwan babbar fitila mai watt 55 a soket ɗin. Maimakon ya haska, sai ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Da muka fasa bayan soket ɗin, sai ga wayar ta koma kore, ta rududduge, siraran zare biyu ko uku kaɗai suka rage. Tsohuwar fankarsa babu abin da ya same ta.

Abin da ya faru shi ne mita kusan ba ta jan wuta. Zare ɗaya ya ishe ta ta nuna volt 12. Fanka kuwa tana jan amp 10 ko fiye, zare uku ba za su ɗauke ta ba. Don haka awon gaskiya shi ne wanda aka yi da kaya a kai: ko da ƙwan fitila, ko fanka na haɗe tana ƙoƙarin juyawa.

Yadda ake yi: bar soket a haɗe, sa fanka ta kunnu, ka ɗora tsinken mita ɗaya a ƙafar + ta batir, ɗayan a wayar + ta bayan soket. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. In ya wuce rabin volt, akwai tsatsa ko sako-sako a wani wuri. Maimaita tsakanin ƙafar − da wayar − ta soket. In a nan ne asarar take, bi wayar har inda aka ɗaure ta da ƙusa a jikin mota, galibi kusa da fitilar gaba ko gefen batir. Kwance ta, goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Motar da aka taɓa yi wa gyaran gaba bayan hatsari, a nan ake fara dubawa, domin mai fenti kan fesa a wurin a ɗaure waya a kan fenti, wani lokaci ma a manta da ita tana lilo.

Duba bakin soket ɗin kansa. Roba da ta narke ko ta yi baƙi alama ce ta ƙafa mai sako-sako da ke ɗaukar zafi. A sauya soket ɗin ɗungurungum, a like wayar da dalma. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure wutar fanka. Sai kuma ɓeraye, ga motar da ta daɗe a ajiye, da ruwan damina ga wanda ya saba kutsawa cikin kududdufi.

Mataki na 7: mai ba da umarni

In komai ya wuce gwaji, saura sensa ko suwicin zafi. Ka bambanta su da ɗan ƙaramin nan mai waya ɗaya da ke tsofaffin motoci, shi aikinsa motsa allurar dashbod kawai. Shi ya sa allura ke iya nuna zafi daidai alhali fanka ba ta samu labari ba.

A Honda ta shekarun 1990 da Golf 3, suwicin a buɗe yake sai ruwa ya yi zafi ya rufe. Zare soket ɗinsa, murɗa makulli, ka haɗa ramukan da 'yar waya. In fanka ta tashi, suwicin ne ya mutu. Na Golf mai ƙafa uku gudu biyu gare shi, ɗaya wajen digiri 95, ɗayan in an haura 100. Tsofaffin Toyota kuwa akasin haka ne: suwicin a rufe yake, zare soket ɗin kawai ke sa fanka ta tashi.

Sensar kwamfuta mai waya biyu ba a haɗa ramukanta. A motoci da yawa in ka zare ta injin na aiki, kwamfuta kan tsorata ta kunna fanka da cikakken gudu, ta kuma kunna fitilar gargaɗin inji. In haka ta faru, kwamfuta da rile da moto duk suna amsawa. Ita sensar, auna ta da mita: a digiri 20 tana nuna wajen ohm 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 ta sauko wajen 300. Da safiyar bazara a Kano kada ka yi mamaki in ka ga ƙasa da 2,000, garin ne da ɗumi. Abin nema shi ne lambar ta riƙa sauka a hankali yayin da injin ke ɗumama, ba tsalle ba tsayawa.

In akwai na'urar karanta kwamfuta a kusa, aikin ya zo da sauƙi. P0480 da P0481 na layin umarnin fanka ne, P0115 zuwa P0118 na sensar zafi. Na'urar za ta kuma nuna maka zafin da kwamfuta ke gani. In injin na tafasa ita kuma tana ganin 60, ka san inda gizo ke saƙa.

Zancen dairek

In a hanya abin ya same ka, tsakanin Zariya da Kaduna da dare, haɗa ramin 30 da 87 ka lallaɓa zuwa gari ba laifi ba ne, sai dai ka tuna ka zare wayar in ka tsaya, in ba haka ba da safe batir ya mutu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da wannan ya zama gyara, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka da makulli wai ai mu ƙasar zafi ce. Injin an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In ya daɗe bai kai nan ba, musamman da sanyin hunturu, kwamfuta na ci gaba da zuba masa mai kamar yanzu aka tashe shi. Moton da aka yi domin ya riƙa hutawa kuma sai ya yini yana juyi, kabon ya cinye da wuri, altaneto na ɗauke da kaya ba dalili. Mafi muni shi ne wanda ake jawo wutar daga wayar makulli ba rile ba fiyus.

Gwajin ƙarshe

Bayan gyara, mayar da kowane soket da rile gurbinsa. Kashe AC, ka bar motar a sulo, kana kallon allura. Zai iya ɗaukar minti 15 ko fiye. So ake fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya da kanta, ta sake tashi. Ka ga haka sau biyu kafin ka rufe bonet.

Tana cikin juyawa, ɗauki takarda ka kai gaban lagireto ta wajen raga. Ya kamata iska ta tsotse ta ta manne. In tana turo ta waje, an juya wayoyin moto, fankar na hura iskar inji mai zafi gaba maimakon ta jawo mai sanyi. Wannan na yawan faruwa in an sa fankar wata mota aka yanke soket aka haɗa da hannu. Kashe mota, musanya wayoyin biyu, ka sake kai takardar.